Murhun Panteka Da Lafiyar Tukunya

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayu na 2023, kuma daga nan darajar Naira ta faɗi, tsadar makamashi ta shiga kowane gida. Ma'aikata da yawa a Kaduna, waɗanda a da suke girki da iskar gas ko risho, sun jingine su sun koma ga kurfoti da murhun itace. Ɗalibai ma da suke zaune a ɗakunan haya a Tudun Wada da Unguwar Rimi da Malali haka abin ya kasance gare su. Wannan ne ya sake ɗaga martabar wata sana'a wadda aka daɗe ana yi wa kallon raini, wato sana'ar maƙeran Panteka.

Duk wanda ya ratsa tsohuwar kasuwar Panteka, kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, zai ga abin mamaki. Tsohuwar ganga a yanka ta a mai da ita murhu. Ƙarfen tayar mota a yi masa ƙafafu uku da rodi, ya ɗauki tukunyar biki. Gwangwanaye da tarkacen sanholo da 'yan bola-jari suka tsinto a narkar da su, a zuba a gurbin ƙasa, sai ga tukunya da kasko da tanda. Ba yau suka fara fid da jama'a kunya ba. A shekarun 1990, lokacin da kananzir ya yi wuya, irin waɗannan masu sana'a ne a faɗin ƙasar nan suka yaɗa murhun garin katako, wanda mutane suka laƙaba wa sunan murhun Abacha. Babu shakka sun cancanci yabo, domin abin da wani ya yar shi suke mayarwa dukiya.

To, amma yabo kaɗai ba zai wadatar ba, domin ba kowane tarkace ne ya dace da abinci ba. Murhu dai wuta kawai yake riƙewa, amma tukunya abin da za a ci take riƙewa. Idan aka haɗa fistan mota da lagireto da sauran kayan inji aka narkar tare da sanholo, dalma tana iya shiga cikin zubin. Wani bincike da aka buga a 2014 a kan tukwanen da ake zubawa a ƙasar Kamaru ya nuna cewa dalma tana fita daga jikinsu a lokacin dahuwa. Abinci mai tsami, kamar miyar tumatir ko yakuwa ko kunun tsamiya, shi ya fi janyo ta. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta bayyana cewa babu wani mizanin dalma a jiki da za a ce ba shi da illa, kuma yara ƙanana ta fi cutarwa, domin tana dakushe ƙwaƙwalwa ba tare da an lura ba. Jama'ar Arewa ba su manta da Zamfara ba, inda a 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta hallaka yara fiye da 400. Ta tukunya ba ta kai wannan ƙarfi ba, amma kullum ake cin ta, safe da dare. Haka nan gangar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari, ba ta da wuri kusa da gashin nama.

Hana sana'ar ba shi ne magani ba, domin talaka ba shi da wata madogara, maƙeri kuma da ita yake ciyar da iyalinsa. Abin da ake bukata shi ne ilmi ya je ya sami gwaninta a inda take, kuma babu garin da ya fi Kaduna dacewa da wannan aiki. Kwalejin Kimiyya da Fasaha, wadda ta samo asali tun 1956, maƙwabciyar kasuwar ce, ɗalibanta ma can suke kai ayyukansu na ƙarshen karatu a ƙera musu. Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1977, a Kaduna hedkwatarta take, ta kuma riga ta fara shirin ba masu sana'ar hannu takardar shaidar ƙwarewa.

Saboda haka ya kamata a sanya tantance ƙarfe cikin abin da za a koya wa masu zubi kafin a ba su wannan takarda. Ya kamata kwalejin ta riƙa gwada tukwanen kasuwar a ɗakunan bincikenta, shugabannin maƙera kuma su fito da hatimin da za a riƙa bugawa a kan tukunyar da aka zuba da tsabtataccen sanholo, don mai saye ya san abin da ya kai gida. Ɗaliban injiniya kuwa, maimakon ayyukan da suke ƙarewa a kan kanta ƙura tana binne su, su zauna da maƙera su gyara fasalin kurfoti yadda zai rage cin gawayi da hayaƙi, dazuzzuka su sami sauƙin gatari.

Ma'aikacin da ke da alhakin sa hannu a kan irin wannan shiri ya tuna cewa wataƙila a cikin tukunyar Panteka aka dafa tuwon da 'ya'yansa suka ci jiya. Rigakafi dai ya fi magani.