An bar jaki ana dukan taiki: Uygur, ƙasar Sin da matanmu na Kurfai



Makon jiya wani saƙon murya ya yi ta yawo a wayoyinmu nan Sanam. Daga zauren WhatsApp na malamai ya faɗa na iyaye, kafin la'asar har masu shayi suna saurarensa. Mai maganar ya ba da labarin Musulmin Uygur na ƙasar Sin da yadda gwamnati ta danne musu haihuwa, sannan ya ɗora da cewa abin da ake shirya mana ke nan da sunan tazarar haihuwa, kuma lakkol ɗin ƴan mata ita ce ƙofar shigarsa. Kwana biyu bayan haka uban wata ɗalibata ta ajin CM2 ya tare ni a kasuwa, ya ce: "Malam, ka ji abin da ake yi wa Musulmi? Ni na janye tawa." Ya kuma ce ya hana uwarta zuwa awo a CSI.

Rabin farko na saƙon nan gaskiya ne, kuma ba zan rage masa komai ba. A lardin Xinjiang, inda Uygur suke, alƙaluman gwamnatin Sin da kanta sun nuna haihuwa 15.88 cikin kowane mutum dubu a 2017, ta faɗo zuwa 8.14 a 2019. Kusan rabi ke nan cikin shekara biyu. A watan Yunin 2020 kamfanin dillancin labarai na AP da wani mai bincike Bajamushe, Adrian Zenz, suka fito da bayanin cewa a yankunan Hotan da Kashgar, inda Uygur suka fi yawa, haihuwa ta ragu da fiye da kashi 60 cikin ɗari tsakanin 2015 da 2018. Matan da suka tsere sun faɗi yadda aka saka musu roba a mahaifa ba da sonsu ba, aka juya wa wasu mahaifa, aka ci tarar masu ƴaƴa fiye da ƙa'ida, aka kai wasu sansanin tsaro. Ranar 31 ga Agustan 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce akwai alamu masu ƙarfi na tilastawa. Sin ta musanta, ta ce doka ce ake bi kuma rayuwa ce ta inganta. Ni dai ban taɓa jin inda arziki ya raba haihuwa biyu cikin damina biyu ba. Kuma ƙasar da ta yi wannan ita ce a 2021 ta ba kowane gida izinin ƴaƴa uku, tana lallashin mutanenta su haihu saboda tsofaffi sun yi yawa.

To amma me ya mai da abin zalunci? Tilas. Ɗan sanda a ƙofar gida, takardar tara, wuƙar likita a jikin matar da ba ta ce to ba. Sai mai saƙon ya faɗa mana, wa aka ci tara a Sanam don ya haifi na takwas? Wace mace aka ɗauka daga Abala ko Filinge aka kulle saboda ciki? Tun 2006 gwamnatin Nijar ta mai da maganin tazarar haihuwa kyauta, tare da fiɗar haihuwa da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Binciken ƙasa na 2012 ya sami ƴaƴa 7.6 ga kowace mace, na 2021 ya sami 6.2. Har gobe muna cikin na gaba a duniya. Idan makirci ne na ƙarar da mu, lallai masu shi ragwaye ne.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake nuna tazara kamar baƙuwa ce da Nasara ya kawo. Ku tambayi tsofaffin Kurfai. Mace takan tafi gidan iyayenta goyon ciki da wanka, ta daɗe. Yaye sai yaro ya kusa shekara biyu, kamar yadda Alƙur'ani ya ambata a suratul Baƙara. Wadda ta yi kwanika, ciki a gaba goyo a baya, ita da mijinta sai sun sha habaici a bakin rijiya. Malamanmu kuma sun san batun azlu a zamanin Sahabbai, sun san abin da fuƙaha'u suka ce a kansa, har da sharaɗin yardar matar. Duk wannan muka saki, muka riƙe aure da wuri kawai muka kira shi al'ada. A ƙasar nan binciken 2012 ya sami mata uku cikin huɗu an aurar da su kafin su cika 18. Mu malamai mu ke ganin sakamakon: yarinyar da ta bar aji bara, bana ana neman amalanke cikin dare a kai ta likita, wata ta dawo da yoyon fitsari, wata ba ta dawo ba.

Sannan ina son in tambayi mai saƙon: da ya gama kukan Uygur, wa ya kama da laifi? Bai kira sunan ofishin jakadancin Sin da ke Yamai ba. Bai ce uffan kan CNPC da ke haƙar man Agadem, ko matatar Soraz ta Damagaram ba. Bai gaya wa masu sauraro cewa a watan Yulin 2019 ƙasashe 37 sun sa hannu a wasiƙar yabon manufar Sin a Xinjiang ba, cikinsu har da Saudiyya da Pakistan da Masar da Najeriya. Nan ne wurin da magana ke da tsada. Ya tsallake su duka ya sauke fushinsa kan ungozomar ƙauye da yarinya ƴar shekara goma sha biyu. An bar jaki ana dukan taiki.

Kada wani ya ce na zama kakakin masu ba da tallafi. Ban manta da abin da Macron ya faɗa a Hamburg a 2017 ba, da ya ɗora matsalar Afirka kan mata masu ƴaƴa bakwai zuwa takwas, kamar cikin matanmu ne ya kwashe uraniyom ɗin Arlit. Kuma shirin gwamnatinmu na 2012 zuwa 2020 ya sa burin kai masu amfani da maganin tazara kashi 50 cikin ɗari. Irin wannan lissafi ne nake tsoro. Duk ranar da aka ce wa ma'aikaciyar lafiya ga adadin da za ta cika a wata, an buɗe ƙofar matsi. Indiya ta gwada a 1975 zuwa 1977, aka yi wa miliyoyin mutane fiɗar hana haihuwa, yawancinsu talakawa. Don haka mai son kare iyalinsa ya raka matarsa CSI, ya zauna ya ji. A faɗa musu amfanin magani da illarsa da Hausa. In ashanar hannu aka sa mata, a tabbatar ranar da ta ce a cire za a cire, ba sai an ce ta dawo wata mai zuwa ba. In an saka wa mace wani abu bayan haihuwa ba a tambaye ta ba, wannan a kai shi gaban maigari da magajin gari, ni ma zan bi sahu. Amma wanda ya kulle matarsa a gida ya hana ta awo, ya yanke mata hukunci a kan jikinta ba tare da ta ce to ba. Ya duba da kyau ya ga da wa ya yi kama a labarin Xinjiang.

Mu a jihar Tillaberi ƴan bindiga sun riga sun rufe mana makarantu da yawa, malamai sun gudu, yara sun watse. Ajin da ya rage a buɗe bai kamata saƙon murya ya kwashe shi ba. Ɗalibar da nake magana ita ce ta biyu a lissafi, kuma yau kwana tara ba ta zo ba. Akwai dokar Disambar 2017 da ta ce a riƙe yarinya a makaranta har ta kai 16, amma ba da takarda zan je wa ubanta ba. Na roƙi limamin unguwarsu da shugabar iyaye mata su raka ni gidansa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kuma zan tafi da littafinta na lissafi.