"Mun Ji Ku," In Ji Wanda Ya Riga Ya Yanke Hukunci

A watan Disamba na 2012 kamfanin Facebook ya gudanar da wani zaɓe da ba a cika tunawa da shi ba. Tun 2009 ya yi wa jama'arsa alkawarin cewa duk lokacin da zai sauya dokokin dandalin, idan mutum 7,000 suka yi tsokaci a kan sauyin, za a kai maganar ga ƙuri'a. Sai dai akwai sharaɗi: sakamakon ba zai ɗaure kamfanin ba sai kashi 30 cikin ɗari na dukkan masu amfani da dandalin sun kaɗa ƙuri'a. A lokacin Facebook ya haura mutum biliyan ɗaya, ke nan ana buƙatar ƙuri'u kimanin miliyan 300, fiye da ninki biyu na waɗanda aka kaɗa a zaɓen shugaban Amurka wata guda kafin nan. Mutum dubu 668 da 'yan kai ne suka fito, kusan kashi 88 cikin ɗari suka ƙi amincewa da sauyin. Daga cikin abin da aka tambaye su kuwa har da ko sun yarda a soke tsarin zaɓen kansa. Suka ce a'a. Aka soke.

Wannan zaɓe shi ne hoto mafi gaskiya na abin da manyan kamfanonin manhaja ke kira sauraron ra'ayin masu amfani. A kowace manhaja akwai ɗan gurbin da ake gayyatar mutum ya faɗi ra'ayinsa, akwai taurari biyar da ake roƙonsa ya danna, akwai saƙon godiya da ke biyo baya nan take, wanda ba ɗan Adam ne ya rubuta shi a wannan lokacin ba. Shawarar kuwa an riga an yanke ta watanni kafin sabon fasalin ya iso wayar kowa. Abin da ake nema a wurin jama'a shi ne su huce, kuma gurbin ƙorafi yana yin wannan aiki da kyau.

Kamfanonin suna da hujja, kuma ba a banza suka same ta ba. Tushenta wani lamari ne na ranar 5 ga Satumba, 2006, ranar da Facebook ya fito da shafin da ke jero wa mutum duk abin da abokansa suka yi, wanda ya kira News Feed. Kafin nan sai mutum ya shiga shafin abokinsa da kansa kafin ya ga ko ya sauya hoto ko ya rabu da budurwarsa. Rana ɗaya aka wayi gari ana kai wa kowa labarin kowa. Ɗalibai suka fusata, suka kafa rukunin adawa da ya tara fiye da mutum 700,000 cikin 'yan kwanaki, a lokacin da dandalin gaba ɗaya bai kai mutum miliyan 10 ba. Mark Zuckerberg ya ce musu su kwantar da hankali, su ja numfashi, an ji su. Bai janye fasalin ba. Alƙaluman kamfanin sun nuna cewa mutanen da ke zagin shafin su ne kuma suke daɗewa a kansa, kuma rukunin adawar kansa ta wannan shafi ya yaɗu. Yau shi ne ginshiƙin kasuwancin Facebook.

Darasin da injiniyoyi da masu zuba jari suka ɗauka daga nan shi ne: a kalli abin da mutane ke yi, a yi watsi da abin da suke faɗa. Sukan ƙarfafa shi da wata magana da ake jingina wa Henry Ford, wai da ya tambayi mutane abin da suke so da sun ce doki mai sauri, duk da cewa babu wata shaida da ta nuna ya taɓa faɗin haka.

An karanta labarin 2006 a karkace, kuma da gangan. Ɗaliban nan kukansu a kan sirri ne: an ɗauki abin da suka ajiye a ɗakinsu an baza a tsakar gida ba da izininsu ba. Kwana uku bayan fitowar fasalin Zuckerberg ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ya amsa cewa sun yi kuskure babba, aka kuma ƙara maɓallan da ke ba mutum damar zaɓen abin da za a yaɗa game da shi. Wato masu ƙorafin suna da gaskiya a kan ainihin abin da suka yi ƙorafi a kai. Da an riƙe wannan ɓangare na darasin, da ba a fito da Beacon a Nuwamba 2007 ba, tsarin da ke sanar da abokan mutum abin da ya saya a wasu shafukan kasuwanci, har da kyautar da ya yi niyyar bayarwa a ɓoye. Ƙarshensa kotu: aka rufe shi a 2009, kamfanin ya amince da biyan dala miliyan 9.5.

Akwai kuma wanda ya bi darasin sau da ƙafa ya mutu. Digg shafi ne da jama'a ke kawo labarai su kuma zaɓi waɗanda za su hau shafin farko, kuma a 2008 an yi ta rahoton cewa Google na tattauna sayensa a kan kusan dala miliyan 200. A ƙarshen Agusta 2010 ya fito da sabon tsari na huɗu. Aka cire maɓallin da mutane ke binne labarin banza da shi, aka ba manyan kafafen yaɗa labarai damar zuba labaransu kai tsaye, aka ture waɗanda suka shekara suna gina wurin da guminsu kyauta. Jama'a suka yi kuka, ba a koma baya ba. Sai suka cika shafin farko na Digg da labaran da ke kai mutum Reddit, abokin hamayyarsa, sannan suka kwashe kayansu suka bi labaran. A 2012 aka sayar da abin da ya rage na sunan da shafin a kan kuɗin da rahotanni suka ce dala 500,000 ne. Masu ƙorafin Digg sun san abin da shugabanninsa suka manta: darajar wurin su ne.

To me ya raba Facebook na 2006 da Digg na 2010? Ba ingancin ƙorafi ba ne, domin duka biyun suna da tushe. Mutanen Digg suna da inda za su koma. Masanin tattalin arziki Albert Hirschman ya yi bayanin wannan tun 1970: wanda bai ji daɗin wata ƙungiya ko kamfani ba yana da hanya biyu, ya yi magana ko ya fita, kuma maganarsa na yin nauyi ne gwargwadon yadda ake tsoron fitarsa. Kamfanonin manhaja sun fahimci Hirschman fiye da yadda shi ya so. Aikin da suka sa a gaba shi ne ɗaure ƙofar fita da hotunan shekara goma, da lambobin abokan ciniki, da rukunin dangi da na tsofaffin 'yan makaranta, ta yadda magana za ta zama iska.

Idan ana son ganin wace murya ce ke da nauyi, a duba Snapchat. A farkon 2018 ya sake fasalin manhajarsa, fiye da mutum miliyan 1.2 suka sa hannu a takardar neman a dawo da tsohon. Shugaban kamfanin, Evan Spiegel, ya nuna cewa za su saba. A ranar 21 ga Fabrairu Kylie Jenner ta rubuta gajeren saƙo a Twitter cewa ta daina buɗe manhajar, washegari darajar hannun jarin kamfanin ta faɗi da kimanin dala biliyan 1.3. Tsakanin Afrilu da Yuni masu shiga kullum suka ragu daga miliyan 191 zuwa miliyan 188, karo na farko da adadin ya taɓa sauka, kuma a cikin wannan tsakani aka gyara fasalin. A Yuli 2022 aka maimaita wasan da Instagram, lokacin da ya cika wa mutane fuska da bidiyon baƙi don ya yi gogayya da TikTok. Masu ɗaukar hoto da ƙananan 'yan kasuwa sun daɗe suna kuka. Da Kylie Jenner da Kim Kardashian suka sa baki, cikin kwana uku Adam Mosseri ya sanar da ja da baya. A makon ne kuma Zuckerberg ya shaida wa masu hannun jari cewa kason abubuwan da na'ura ke zaɓo wa mutane daga waɗanda ba su bi ba zai ninka kafin ƙarshen 2023. An faɗa wa jama'a abu ɗaya, an faɗa wa masu kuɗi wani, kuma na biyun ne ya tabbata.

Hujjar alƙaluma ita ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta, domin ita ce ke rufe bakin masu ilimi. Kamfani kan raba jama'a gida biyu ba da saninsu ba, ya ba waɗannan tsohon fasali, waɗancan sabo, ya auna wa ya fi daɗewa yana kallo. Wanda ya yi nasara shi ake ba kowa, a ce jama'a ne suka zaɓa. Amma daɗewa a kan abu ba yarda da shi ba ne. Mai neman saƙon abokin ciniki da aka ɓoye a ƙarƙashin bidiyo ashirin zai daɗe a manhajar fiye da jiya, ya ƙona data, ya fito da haushi, kuma ma'aunin zai rubuta shi cikin masu jin daɗi. Cunkoson titi ma yana ƙara lokacin da mutum ke yi a cikin mota. Ma'aunin ba ya ganin dalili, ba ya ganin cutarwa, kuma wanda ya zaɓi abin da za a auna shi ne mai cin ribar amsar. Abin da ƙorafi ke kawowa shi ne daidai abin da ma'aunin ya makance a kansa.

Gaskiya ne masu surutu tsiraru ne, kuma ɗan Adam ba ya son a taɓa masa abin da ya saba. Babu mai hankali da zai ce a miƙa zanen manhaja ga ƙuri'ar jama'a. Sai dai tsirarun nan galibi su ne waɗanda suka fi sanin kayan, kamar yadda direban haya ya fi mai zanen mota sanin inda take cizo. Kuma maganin yawanci ba shi da tsada. A Fabrairu 2017 WhatsApp ya maye gurbin ɗan rubutun da mutum ke sakawa a ƙarƙashin sunansa da hotuna da bidiyo masu ɓacewa bayan awa 24. Mutane suka koka, bayan kimanin wata guda aka dawo da rubutun, aka bar sabon fasalin a gefensa. Ba wanda ya yi asara. Wannan sabon fasali shi ne yau shagon dubban mata a Kano da Kaduna da Maradi, masu tallar atamfa da turaren wuta da kayan kicin daga cikin ɗakunansu.

A nan ne maganar ta daina zama labarin Amurka. Ga matar da ke sayar da leshi ta waya, sauya yadda ake jero hotuna daidai yake da a tashe ta daga bakin hanya a mayar da ita lungun ƙarshe na kasuwa da daddare, ba sanarwa. A kasuwar gaske da sarkin kasuwa zai ji, da ƙungiya za ta zauna. A nan ba ta da Kylie Jenner, ba ta cikin ƙasashen da tallarsu ke da tsada, kuma ba za ta iya fita ba domin duk abokan cinikinta suna ciki. A ma'aunin Hirschman ba ta da ƙofa, don haka ba ta da murya.

Abin da ya rage mata shi ne doka, kuma tarihi ya nuna kamfanonin na jin wannan yare. A Janairu 2021 WhatsApp ya aiko wa kowa sanarwar sabbin sharuɗɗan bayanai: a amince kafin 8 ga Fabrairu ko a rasa asusu. Telegram ya ce ya sami sabbin mutane miliyan 25 cikin awa 72, sai aka ɗage wa'adin zuwa 15 ga Mayu, amma sharuɗɗan suna nan. Turawan Tarayyar Turai tun farko an ba su sharuɗɗa masu sauƙi, saboda dokar kare bayanai da ta fara aiki a wurinsu a 2018. Daga Agusta 2023 wata dokar tasu ta tilasta wa duk dandalin da ke da mutum miliyan 45 a yankin ya ba jama'a zaɓin ganin abubuwa ba tare da na'ura ta bi diddigin halayensu ba. Abin da masu ƙorafi suka shekara goma suna roƙo, wanda aka yi ta ce musu ba shi ne suke so ba, ya samu cikin 'yan watanni da aka ɗora masa tara.

Najeriya ma ta gwada. Bayan binciken wata 38 da ya samo asali daga waɗancan sharuɗɗa na 2021, hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta ci tarar Meta dala miliyan 220 a Yuli 2024, kuma cikin laifukan da ta lissafa har da nuna wa 'yan Najeriya bambanci idan aka kwatanta da mutanen wasu ƙasashe. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, kotun sauraron irin waɗannan ƙararraki ta tabbatar da tarar a Afrilu 2025. Miliyoyin 'yan Najeriya sun ga waccan sanarwa ta 2021, da yawansu sun koka, sannan suka danna amincewa domin ba su da zaɓi. Saƙonsu ya sami amsar na'ura. Takardar hukumar kuwa lauyoyin kamfanin ne suka amsa ta da kansu, a Abuja.