Zancen Gida: Hannun Jari da Kuɗin Makaranta

'Yan'uwa, wasu samarinmu a Gonin Gora suna lallashin iyaye mata su kawo kuɗin adashe a sayi hannun jarin Amurka ta waya, na kamfanoni masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta. To, a saurara. Shekara da shekaru Intel ne giwa, AMD yana bin sawu. A 2022 AMD ya wuce shi a daraja. A 2024 Intel ya dakatar da raba riba, farashin hannunsa ya zube fiye da rabi, na Nvidia kuwa ya ninka har ya zarce. Mu da muka ga rufewar masaƙun Kakuri, wannan bai ba mu mamaki ba. Mai rarar kuɗi ya gwada. Na makarantar yara kam, mu malamai muna jiransa ranar komawa hutu.