Masaukin Baƙi da Makomar Itatuwan Gado: Daga Bakin Teku Zuwa Rijiyar Zaki

Gabatarwa

Duk wanda ya bi titin Gwarzo daga Kabuga ya nufi sabon matsugunin Jami'ar Bayero, lalle ne ya ratsa ta Rijiyar Zaki. Idan baƙo ne, ba abin da zai gani sai shaguna da gidajen mai da dogayen katangun bulo. Idan kuwa dattijo ne da ya san wurin shekara 40 da suka wuce, to zai riƙa tuna abin da ya ɓace: gonakin gero da dawa, ɗorawa a nan, kuka a can, ga jakuna ɗauke da mangalolin taki. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa abin da ke faruwa ga itatuwan wannan yanki ya riga ya faru ga mutanen bakin teku, inda gidajen hutu da otal-otal suka cinye kyan wurin da ya jawo su. Kano ba ta da teku, amma cutar ɗaya ce, kuma Bahaushe ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da Ya Sami Bakin Teku

Mai gina masaukin hutu ba ɗaki kawai yake sayarwa ba. Abin da baƙo ke biya shi ne iska da inuwa da abin da ido zai kalla daga taga. Amma kafin a kafa harsashi sai an share fili, kafin mota ta iso sai an yanka hanya, kuma da zarar na farko ya ci riba, sai na biyu da na uku su biyo. Da haka ake wayar gari abin kallon ya ƙare, sai gini yana kallon gini.

Alal misali, a Gambiya an fara kai 'yan yawon buɗe ido daga Suwidin a 1965, daga nan otal-otal suka yi ta jeruwa a gaɓar teku. Ɗan kurmin da ya rage a wannan gaɓa shi ne na Bijilo, mai faɗin kimanin hekta 51, wanda ya yi suna saboda birai da giginyu, wato irin giginyar da aka sani a ƙasar Hausa. Shi ma bai tsira ba, domin an ɗebi wani sashe nasa an gina babban zauren taro mai sunan Sir Dawda Jawara, wanda aka buɗe a 2020. A Ikko kuma, yankin Lekki ya kasance fadama da kurmi da kwakwa, sai gidaje da wuraren shaƙatawa suka mamaye shi. Mai son ganin yadda ƙasar take a da, sai ya shiga gandun hekta 78 da aka killace a 1990.

A Turai ma an ɗanɗana. A kudancin Sifen an soma gina wani otal mai hawa 21 da ɗaki 411 a gaɓar Algarrobico a 2003, cikin yankin da aka keɓe domin kare tsirrai da namun dawa. Kotu ta tsayar da aikin a 2006, ginin ya yi shekara da shekaru a tsaye, ba baƙon da ya kwana ciki, tudun da aka fasa kuma bai koma yadda yake ba. Irin wannan ɓarna ce ta sa Faransa ta kafa doka a 1986 wadda ta hana gini cikin mita 100 daga bakin ruwa a wajen garuruwa. Darasin a fili yake: ƙasashen da suka ceci wani abu sun cece shi ne ta hanyar shata iyaka tun kafin magina su iso.

Gonar Rijiyar Zaki Kafin Zuwan Bulo

Rijiyar Zaki mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Ungogo, kuma tana cikin karkarar nan mai cunkoson jama'a da ta kewaye birnin Kano. Wannan karkara ta daɗe tana ba masana mamaki. A 1965 Mortimore da Wilson sun wallafa bincike a kanta, inda suka nuna ƙasar da ake nomawa kowace shekara ba hutu, amma ba ta mutu ba. Sirrin shi ne taki da itace. Da rani jakuna kan shiga birni da itacen girki, su komo da shara da toka da kashin dabbobi a zuba a gona. Wani bincike da aka buga a 1990 a kan itacen girki a Kano ya gano cewa duk da buƙatar birni, itatuwan gonakin da ke kusa da shi ba su ragu ba, domin manomi reshe yake sara, ba ya kashe uwar.

Dalili kuwa shi ne kowace bishiya tana da mai ita, kuma tana da aikinta. Ɗorawa tana ba da gari, ƙwayarta kalwa ce ta daddawa, ɓawonta kuma makuba ce ta daɓe da yaɓe. Kuka miya ce, ɓawonta igiya. Tsamiya ta kunu ce. Audugar rimi ita ce ta matashi da lifidin doki. Bagaruwa ta majema ce, goriba ta masu saƙar tabarma, giginya ta azara da muruci. Gawo kuwa sha'aninsa daban ne: yakan zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya tare wa shuka rana, sai ya yi kore shar da rani ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, kuma ƙasar gindinsa ta fi ta kewaye albarka. A kan iyakokin gonaki akwai gamba ta zana da lalle da dashi. Wannan kyan gani da baƙo ke yabawa, ba daji ne ya tsiro da kansa ba. Aikin hannun kakanni ne, waɗanda suka zaɓi abin da za su bari suka rene shi.

Yadda Masauki ke Cin Abin da Yake Sayarwa

A nan birni shi ne ambaliyar, gefen gari kuma shi ne gaɓa. Yawan mutanen Ungogo ya ninka tsakanin ƙidayar 1991 da ta 2006, har ya haura 360,000. Kafuwar sabon matsugunin jami'a a kan titin Gwarzo ta jawo ma'aikata da ɗalibai da baƙi, su kuma suka jawo ɗakunan haya da gidajen saukar baƙi da zaurukan biki. Can gaba kaɗan kuma masu hali suna sayen gonaki suna katangewa, suna kiransu gidan gona, alhali ba noma ake yi ciki ba, wurin hutun ƙarshen mako ne. Abin da ya kawo su shi ne abin da ya kai wancan bakin teku: iska mai daɗi, da shiru, da kore.

Ga yadda abin ke tafiya. Dillali ya sayi gona, ya yanka ta fuloti-fuloti da awon igiya. Tsohuwar ɗorawa ta faɗo tsakiyar fuloti, ta rage masa daraja, saboda haka sai a kira mai injin zarto. Bishiyar da ta yi shekara 60 tana ciyar da gida, kafin azahar ta zama itacen gidan burodi. Wadda ta tsira daga zarto ma ba ta tsira daga siminti ba, domin idan aka malale gindinta da intalok, ruwan sama ba ya isa ga saiwa, sai ta bushe a tsaye. Ruwan da ƙasa ta ƙi sha kuma sai ya kwarara titi ya shiga gidan maƙwabci.

Bayan an gama gini sai mai masauki ya tuna baƙi suna son kore. Sai ya sayo dogayen itatuwan ado na ƙasashen waje, waɗanda ba su da inuwar da akuya za ta fake, ba 'ya'yan da yaro zai tsinka, ya shimfiɗa ciyawar da ba ta rayuwa sai rijiyar burtsatse tana yi mata ban ruwa safe da yamma. Ba a ce duk baƙuwar bishiya abar ƙi ce ba. Darbejiya daga Indiya ta fito, an shigo da ita Borno a 1928, kuma ta yi wa garuruwan Arewa rana. Amma darbejiya ba ta daddawa, turare ba ya miya. Wanda ya sare kuka ya dasa fure ya musanya rumbu da kwalliya.

Bugu da ƙari, masauki ba shi da tsawon ran bishiya. Otal ɗin tafkin Bagauda, wanda aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya yi tashe a matsayin wurin hutu, amma daga baya aka mai da shi makarantar horar da lauyoyi. Ginin da aka yi domin baƙi yakan canja hannu ko ya mutu cikin zamani guda, kuka kuwa takan ga jikan jika.

Hasarar da Ta Shafi Harshe

Wannan batu ya shafi sashen Hausa kai tsaye, domin idan bishiya ta faɗi, da kalmominta take faɗuwa. A dubi sunayen unguwannin da ke kewaye: Ɗorayi jam'in ɗorawa ne, ga Rimin Gata, ga Rimin Zakara, ga Kurna. Waɗannan sunaye shaida ne cewa da itatuwa ake gane wuri. Yaron da aka haifa a Ɗorayi a yau yana iya girma bai taɓa lasar garin ɗorawa ba. Idan malami ya ce masa wane yana jiran gawon shanu, me zai fahimta, alhali bai taɓa ganin shanu sun taru a gindin gawo suna sauraron faɗowar 'ya'yansa ba? Idan aka kira mutum inuwar giginya, ta yaya zai gane zambon, shi da bai san inuwarta can nesa da gindi take sauka ba? Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916, Bargery ya cika ƙamusunsa da su a 1934. Abin kunya ne a ce waɗannan sunaye sun koma zama cikin littattafan Turawa kawai, ɗalibi yana haddace su domin jarrabawa kamar kalmomin wani harshe.

Uzurin Mai Sayarwa da na Mai Gini

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Manomin da ya sayar da gonarsa ba maƙiyin bishiya ba ne. Binciken da Polly Hill ta yi a Ɗorayi, wanda ya fito a 1977, ya nuna yadda rabon gado ya ƙanƙanta gonaki har da yawa ba sa ciyar da masu su. Wanda ke da 'yar gona irin wannan, aka miƙo masa kuɗin da zai aurar da 'ya ya sayi babur, ba a yi masa wa'azin kyan gani. Haka kuma jama'a na buƙatar muhalli, ɗalibai na buƙatar ɗaki, masauki kuma yana ba matasa aiki. Babu mai hankalin da zai ce birni ya daina girma. Abin da ake cewa shi ne gini da bishiya ba kishiyoyi ba ne, rashin tsari ne ya haɗa su faɗa. Kuma hasarar ba daidai ake raba ta ba: mai masauki yana da na'urar sanyaya ɗaki, amma mai daddawa da mai kiwon awaki da ɗan dakon da ke neman inuwa a zafin Afrilu, su ne ke biyan farashin.

Abin da Ya Kamata a Yi

Na farko, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, saboda haka hukumar tsara birane tana da hurumin sa sharaɗi. Kada a amince da taswirar rukunin gidaje ko masauki sai an ƙirga manyan itatuwan da ke filin, an zana hanya da fili yadda za su tsira. Kamar yadda Faransa ta bar mita 100 a bakin teku, haka ya kamata a bar wani zirin ƙasa a gefen rafuka da burtalai.

Na biyu, tunda mafi yawan yankan filaye awon igiya ne wanda ba ya bi ta ofis, to dagatai da masu unguwanni, waɗanda da saninsu ake cinikin, su ne za su iya cewa a bar kukar nan ta zama dandali.

Na uku, masu masauki su gane cewa tsohuwar tsamiya a tsakar gida jari ce da kuɗi ba ya sayen irinta. Baƙon da ya zo Kano ba ya ɗokin ganin furen da ya baro a garinsu.

Na huɗu, a yi koyi da Maraɗi. Tun daga shekarun 1980 manoman can suka rungumi sassaben zamani, wato renon tohon kututture maimakon ƙone shi, har aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, gawo na kan gaba. Wannan ya nuna itatuwan gida suna dawowa in an ba su dama.

Kammalawa

Ɗaliban Hausa ba su da ikon hana zarto, amma suna da alƙalami, kuma Rijiyar Zaki tana bakin ƙofarsu. Dattawan da suka san wace ɗorawa ce ta wane gida, da matan da suka san dafa kalwa, suna nan da ransu, sai dai kullum raguwa suke yi. Ya kamata kundayen kammala digiri su fita daga ɗakin karatu su je wurinsu, a rubuta sunan kowace bishiya da ta rage da wurin da take da amfaninta, a miƙa wa hukuma da masu unguwanni. Mutanen Lekki sai sun biya kuɗin shiga kafin su nuna wa 'ya'yansu yadda ƙasarsu take a da. A titin Gwarzo kuwa har yanzu akwai sauran ɗorawa da gawo a tsaye, kuma ceton wanda ke tsaye ya fi sauƙi a kan jiran wanda za a dasa.