Ƙaryar Mai Bincike a Kwanon Yaro Take Ƙarewa

A watan Satumba na 2018 jami'ar Cornell da ke Amurka ta sami Farfesa Brian Wansink da laifin maguɗi a bincikensa. Shi ne ya yi shekaru yana gaya wa duniya abin da ke sa mutum ci fiye da ƙima, har dubban makarantu suka gyara tsarin ciyar da ɗalibai bisa shawararsa. A cikin makon ne mujallun JAMA suka janye maƙalunsa guda 6, shi kuma ya sanar cewa zai ajiye aiki.

Ku dubi yadda abin ya kasance. A wani bincike na 2012 ya ce idan aka manna hoton Elmo, ɗan tsanar talabijin, a jikin tuffa, yara 'yan shekara 8 zuwa 11 sun fi ɗauka. Ashe yaran da aka gwada 'yan shekara 3 zuwa 5 ne. A wani kuma, bayanan da aka tattara a wani gidan abinci ba su nuna komai ba, sai ya sa ɗalibarsa ta yi ta juya su har suka haifi maƙalu 4. Masu bin diddigi suka ƙirga kurakurai wajen 150 a ciki.

Abin da ya dame ni na gida ne. Ana zuwa Yauri da Ngaski da Shanga da takardun tambayoyi: sau nawa kuke cin kifi a mako, me yaro ya ci jiya? Tambaya ce mai kyau, domin masunci na iya kama giwan ruwa ya sayar, iyalinsa su kwana da tuwo da ɗan warangi. Amma gano haka sai an shiga kwale-kwale an tsallaka gungu, an zauna da uwar gida an ga tukunyarta. Wanda ya zauna gindin bishiya a Yelwa ya cike takardun gidaje hamsin da hannunsa, ha'inci ya yi, ko da an ba shi digiri. Da irin waɗannan alƙaluma ake tsara inda za a kai tallafin tamowa, kuma ƙauyen da takarda ta ce ya ƙoshi, tsallake shi za a yi.

Malamai masu duba aikin ɗalibai, ku riƙa neman asalin takardun, ku tambayi sunan gungun da ranar da aka je. Ɗalibin da ya dawo ya ce bai gano abin da ake tsammani ba, ku karɓi aikinsa yadda yake, ku ba shi makinsa.