Daga Kumasi Zuwa Jidda: Kilomita Nawa Ne?

A wannan wata za mu ɗauki taswira da ma'auni, don mu san nisan da alhazanmu ke ci a sama.

In aka miƙe layi daga filin jirgin Kumasi zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, za a sami kusan kilomita 4,700. Daga Ankara (tamu, ba ta Turkiyya ba) kusan 4,600 ne, daga Tamale kuwa kusan 4,500. Ashe cikin garuruwan uku mu ne muka fi nisa da Makka, don mun fi su kusa da yamma. Babban jirgi yana cin wajen kilomita 850 a awa, wato tafiyar kamar awa shida ke nan. Mahajjaci kuma ya ƙara awa uku a agogonsa, domin Saudiyya tana gabanmu da awa uku.

Layin nan ya ratsa Nijeriya da Cadi da Sudan, kusan hanyar da kakanninmu suka bi da ƙafa da jaki: Kano, Barno, Abeshe, Fashir, har bakin Bahar Maliya a Sawakin. Su shekaru suke yi, suna tsayawa su yi noma ko ƙwadago su sami guzuri. Wasu ma ba su dawo ba, jikokinsu na Sudan har yau. Jirgin ma ba kullum yake miƙewa ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jirage suka riƙa zagaye, tafiya ta ƙaru, mai ya ƙaru.

Amma abin da ke ci wa mutanen Zango tuwo a ƙwarya ba waɗannan dubban ba ne. Kilomita 250 ɗin da ke tsakaninmu da Ankara su ne wahala. Tsohuwa ta yi shekaru tana adashi, sai a ɗora ta a mota ta wuni a hanya, ta je ta kwana a sansanin alhazai tana jiran a kira sunanta. Mutanen arewa sun huta da wannan tun 2016, lokacin da aka fara ɗibar alhazai daga Tamale.

Me ya hana namu? A watan Mayun 2024 aka buɗe sabon gininsa, aka sa masa sunan Prempeh na Ɗaya. Gini ya yi kyau, sai dai jirgi ba daga gini yake tashi ba. A lokacin, titin da jirgi ke gudu a kansa bai cika kilomita biyu ba, na Tamale kuwa ya haura uku. Jirgin da ya ɗauki ɗaruruwan mutane da kayansu da man awa shida yana bukatar dogon titi kafin ya ɗaga.

Saboda haka muna roƙon Sarkin Zango da limamanmu da 'yan majalisarmu, duk ranar da suka zauna da hukumar alhazai, su fara da tambayar mita nawa titin ya kai yanzu, kuma wane irin jirgi ne zai iya tashi a kansa cike da kaya.