Ran Mai Shan Iska A Jabi Ya Fi Na Mai Zuwa Kasuwar Wara Ne?

Ya ku 'yan'uwa mazauna Sabon Ibadan da Shagamu da Agege, in Allah ya kai ɗayanku Abuja, ya leƙa tafkin Jabi da la'asar. Zai tarar da 'ya'yan masu hali cikin jiragen ruwa masu inji suna shan iska, sanye da rigunan hana nutsewa. Madalla, ba mu yi musu hassada ba. Tambayarmu ita ce, me ya hana wannan kulawa isa tafkin Kainji, inda jirgi shi ne motar kasuwa, shi ne kuma motar kai mai naƙuda asibiti?

A 1968 aka gama madatsar Kainji. Ruwa ya cinye tsohuwar Bussa, aka tashi mutane fiye da 40,000 daga gidajensu don birane su sami lantarki, har da waɗanda kuke zaune ciki. A 1979 aka kafa gandun dajin ƙasa a gefen tafkin, aka hana farauta da kamun kifi a cikinsa. Cikin shekarun 1990 kuma aka haramta dala, tarun nan mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi, aka ɗora wa Sarkawa kuɗin lasisi. Haramcin dala daidai ne, don wanda ya cinye iri bana ba shi da abin shukawa baɗi. Amma ku lura: duk dokar da ke ce wa masunci "bari" ko "biya" da gudu take isa bakin ruwa, wadda za ta tsare ransa kuwa sai ta kwanta a ofis.

A watan Mayu na 2021 jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara, cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, ya dare biyu a tsakiyar ruwa. Kaɗan suka tsira. Hukumar NIWA, wadda aka kafa tun 1997, tana da dokoki a rubuce: ban da lodi, ban da tafiyar dare, kowa ya sa riga. To, wa ke tsayawa a gaɓa ya ƙidaya fasinja? Wa ya tumɓuke kututturan itatuwan da ruwa ya rufe, waɗanda ke fasa jirage? Talakan da bai tara kuɗin mota ba, da me zai sayi riga?

Da yawanku da busasshen kifin Yauri kuke cin abinci a kasuwannin kudu. In ɗan majalisar Yauri da Shanga da Ngaski ya zo muku neman goyon baya, ku tambaye shi riguna nawa ke tashar jiragen Wara, kuma a hannun wa suke.